Wanda Ya Raba Ba Ya Zaɓe

A cikin azumin da ya wuce, wata babbar mota ta shigo unguwarmu da hantsi, maƙare da ƙananan buhunan shinkafa. Kowane buhu da hoton wani ɗan siyasa a jiki, yana murmushi. Kafin azahar layi ya kai bakin masallaci: mata da goyo, tsofaffi da sanda, ga rana ga ƙishirwa. Wasu sun samu, da yawa sun koma gida hannu rabbana.

Da daddare bayan asham muna zaune a ƙofar gida, sai ƙanina ya dube ni ya ce, "Yaya, ka ga shugaba ke nan. Wallahi mutumin nan ba shi da rowa." Duk majalisar ta amsa.

Na yi shiru, amma maganar ta hana ni barci. A filin firamaren unguwarmu aka yi rabon nan, makarantar da iska ta yaye rufin ajujuwanta biyu tun daminar waccan shekarar, har yau yara a gindin darbejiya suke ɗaukar darasi. Masu rabon a inuwar darbejiyar suka ajiye teburinsu.

Ra'ayina ke nan tun kafin in yi nisa: mun ɗauki kyauta mun zaunar da ita a kujerar shugabanci, alhali abu biyu ne daban. Mai kyauta nasa yake bayarwa, don haka ya cancanci godiya. Wanda aka ɗora a kan dukiyar jama'a kuwa rabo aka ba shi ya yi, kuma abin da ake tambayar mai rabawa shi ne ko ya raba daidai, da kuma lokacin da ya ɗauki nasa kason. Ban koyi wannan a jami'a ba. Mutane ne suka koya mini, wasu na zauna da su, wasu labarinsu kawai na tarar.

Iya da naman layya

Gidanmu irin babban gidan nan ne na gandu, sassa shida, yara sun haura ashirin in an haɗa da na riƙo. Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ke riƙe da cikin gida. Ba ta yi boko ba, karatun allon ma bai yi nisa ba.

Washegarin babbar salla, in an sauke raguna daga rataye, akwai kason da ake haɗawa na gida gaba ɗaya. Iya kan sa a shimfiɗa tabarmar kaba, a zube naman, sai ta kira ɗaya daga cikin matan gidan ta ce, "Zo ki kasa mana shida." In ta gama kasawa, sai Iya ta ce sauran biyar ɗin su zo kowace ta ɗauki wanda ya yi mata. Wadda ta kasa, ita ce ta ƙarshe. In wata amarya ta yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: "'Yar nan, wanda ya raba ba ya zaɓe."

Da za ka ga yadda mai kasawar nan ke aiki, da ka sha dariya. Ta ɗauki yankan hanta daga wannan kashi ta mayar wancan, ta ja da baya ta ƙare musu kallo, ta dawo ta cire ƙashi ta sauya da tsoka. Ta san duk kashin da ya fi ƙanƙanta, nata ne. Gida ne mai kishiyoyi da facaloli, ana rigima a kan ruwa, ana rigima a kan igiyar shanya, amma ban taɓa jin an yi rigima a kan naman salla ba.

Sai da na girma na gane abin da tsohuwar nan ta yi. Ba ta tsaya yi wa kowa wa'azin tsoron Allah ba, ba ta kuma nemi wadda ta fi kowa kirki a gidan ta damƙa mata wuƙa ba. Ta tsara rabon ne yadda ko mai son kai dole ta yi adalci, don adalcin ne kaɗai zai fisshe ta.

Dokar kuma ba ta tsallake ta ba. A farin 1984, da hatsi ya yi wuya, aka rage mudun da ake fitarwa kullum. Iya ke kwashe tuwon dare da kanta a lokacin. Ta zuba na yara, ta zuba na maza, ta zuba na masu jego, abin da ya rage a gindin tukunya shi ne nata. Sau da yawa ƙanzo ne. In aka yi mata magana sai ta ce goro ya ƙosar da ita. Mu yara mun yarda.

Da na shiga makarantar dare, malaminmu ya ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, yadda ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu. Ya kuma ba mu labarin mutumin da ya miƙe a cikin masallaci ya ce ba za a saurari Halifa ba sai ya faɗi inda ya samo yadin da ya ishe shi riga, alhali kowa ƙyalle ɗaya aka ba shi, shi kuma dogo ne. Umar bai sa an kama shi ba. Ɗansa Abdullahi ya kira, ya tashi ya shaida cewa shi ya ba mahaifinsa nasa kason. Ina jin labarin na ce a raina, ai wannan dokar Iya ce.

Mutumin Gwammaja

Mahaifina ɗan NEPU ne, daga baya ɗan PRP, jam'iyyun Malam Aminu Kano. Ranar 17 ga Afrilun 1983, da rediyo ta sanar da rasuwar Malam Aminu Kano, ita ce rana ta farko da na ga hawaye a idon Baba. Ina yaro, na tambaye shi, "Baba, me Malam ya taɓa ba ka?" Na zaci zai ce keke ko riga. Ya ce, "Ko sisi."

Daga baya ya warware mini. A ƙuruciyarsu, in lokacin haraji ya zo, magidanci kan kwana a daji don tsoron dogarai. Wanda aka kama bai biya ba, a shanya shi a rana a gaban matansa da 'ya'yansa. Ana kwasar matasa aikin tilas a gonar hakimi, ba ko kwabo. In basarake zai wuce, ka tuɓe takalmi ka zube. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ita ta fara gaya wa talaka a bainar jama'a cewa wannan ba ƙaddara ba ce, zalunci ne, kuma ana iya cewa a'a. Mutane sun sha ɗauri a kotunan En'e saboda wannan a'a ɗin. Hajiya Gambo Sawaba, mace ɗaya, ta shiga kurkuku ta fito ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba.

Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Baba ya ce ranar ce ya san gwagwarmayar shekara talatin ba ta tafi a banza ba.

Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya riƙe sadarwa, ya riƙe lafiya. Ba za a ce bai samu damar tarawa ba. Amma duk mai son ganin abin da ya bari, ya je Gwammaja ya shiga gidan Mambayya, wanda yanzu ke hannun Jami'ar Bayero. Ɗakinsa na nan, gadonsa na nan, kabarinsa na cikin gidan. Na kai 'ya'yana sau ɗaya. Ƙaramar ta leƙa ɗakin ta ce, "Abba, ina sauran gidan?"

Ga abin da ke ba ni haushi. Duk kakar zaɓe sai ka ga hoton Malam a fasta, an liƙa shi kusa da fuskar ɗan takarar da ke jefa wa matasa kuɗi ta tagar mota suna wawaso a ƙasa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗaga talaka daga durƙuso, da hotonsa ake sa talaka ya sunkuya ya tsinci 'yar ɗari biyar.

"To ai kyauta addini ce, kuma al'ada ce"

Wannan ita ce amsar farko da ƙanina ya ba ni, kuma ba ƙarya ya yi ba. Bahaushe ba ya ƙaunar marowaci, maroƙa da makaɗa sun daɗe suna yi masa zambo. Ya ƙara da cewa Sardauna ma ai da kyauta aka san shi.

Haka ne, an san shi da ita. Amma tambayi duk wanda ke kewar Sardauna yau me yake tunawa. Ba zai lissafa maka rigunan da ya raba ba, waɗannan sun daɗe da yagewa. Zai ce Jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962, zai ce Bankin Arewa, zai ce masaƙun Kaduna, zai ce 'ya'yan talakawa da aka tura karatu da aikin soja. Sannan zai ce da aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966 ba a tarar da wata dukiya da ya tara ba. Baba, duk da bai taɓa yafe wa NPC, jam'iyyar Sardauna, abin da aka yi wa 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, ba, wannan ɗaya bai taɓa musa ta ba.

Addinin da ya kwaɗaitar da kyauta kuwa, shi ya ce hannun hagu kada ya san abin da na dama ya bayar. Ban san babin da ya ce a buga hoto a jikin buhu ba. Balle in kuɗin ma daga baitulmali suka fito. Wanda ya ɗebi hatsi daga rumbunka ya auna maka mudu ɗaya, ya tsaya yana jiran godiya, ban san sunan da za a kira shi ba, amma ba mai kyauta ba ne.

Illar ba a nan ta tsaya ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya karɓi buhu jiya, da wane ido zai tashi a taro gobe ya yi tambaya a kan rufin makaranta? Mutumin da ya tsayar da Umar a masallaci ya iya yin haka ne don ƙyallen da ke hannunsa haƙƙinsa ne, ba alfarma aka yi masa ba.

"Mai jin yunwa ba ya cin tarihi"

Wannan ta fi ta farko nauyi, kuma wani dattijo ne a majalisar ya faɗe ta. Ya ce, "Malam, kai albashi kake ɗauka. Matar da ta tsaya a layin nan, da shinkafar za ta yi buɗa-baki."

Ban da bakin musa masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun koma ci sau ɗaya. A 2024 an rasa rayuka a turmutsutsin rabon abinci da kuɗi a Bauci da Ibadan da Abuja. Wanda ya zargi matar da ta shiga layi ya bar jaki yana dukan taiki. Ta karɓa, haƙƙinta ne, ai da ma nata ne.

Ni da masu ƙoshi nake, mu da muke zaune a ƙofar gida muna raba lambar yabo. Mu ne muke cewa "wannan shi ne shugaba," yara suna ji.

In kuma maganar ciki ake, ina da misalin da ya fi buhu. Kawuna manomin rani ne a yankin Kura. Shekara sama da arba'in yana noma shinkafa da tumatir da alkama da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Bako, ɗan sandan da ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Da wannan ruwan Kawu ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya sauke farali. Bai taɓa ganin Audu Bako ido da ido ba. Je ka Kwanar Gafan lokacin tumatir ka ƙirga motocin da ke lodi zuwa kudu, ka ga bakin da ke ci daga aikin mutumin da ya rasu tun 1980. Shinkafar unguwarmu kuwa, ko goman tsakiya ba ta kai ba.

"Ai duk wanda ya mutu waliyyi ne"

Akwai masu cewa mu 'yan kewar da ne kawai, mun wanke matattu mun shafa musu turare. Suna da 'yar gaskiya, don haka bari in faɗi abin da ba a cika faɗa ba.

Da gwamnatin Murtala ta binciki gwamnoni 12 na zamanin Gowon, biyu kaɗai ta wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na jihar Yamma. Audu Bako ba ya cikin biyun. Ita kanta Tiga, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suna da nasu kukan a kanta, don ta sauya yadda ruwa ke zuwa musu, ciyawar kachala ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Malam Aminu, da duk tsarkin hannunsa, bai iya riƙe jam'iyyarsa ba, ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, yana raye yana gani.

Shi ma Murtala da ake yawan kawowa in ana neman shugaba mai zafi, ya yi abin a yaba, ya yi tafiyarsa ba jiniya ba rakiyar motoci har ranar da aka harbe shi a Legas, 13 ga Fabrairun 1976. Amma korar dubban ma'aikata da aka yi nan take, mai laifi da marar laifi, ta koya wa na baya darasin da ba a yi niyya ba: tara naka tun kana kan kujera, don ba ka san gobe ba.

Ban ɗauki ko ɗaya daga cikinsu dungurungum ba. Abin da na tsinta wurin kowa na ɗauka, sauran na bar wa masu tarihi.

Na ƙarshe da zan ambata shi ne Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma saboda abu ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2007, ranar da ake rantsar da shi, ya tsaya a gaban duniya ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu. Ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara, ya kuma bayyana kadarorinsa a fili ba tare da doka ta tilasta masa bugawa ba. Ina gaban talabijin ranar, na juya na tambayi na kusa da ni ko daidai na ji. Shi ma ba a rasa abin faɗa a kansa ba: manyan shawarwarin kwamitin ba a yi aiki da su ba, kuma tafiyarsa jinya Saudiyya a ƙarshen 2009 ba tare da miƙa ragama ga mataimakinsa ba ta jefa ƙasa cikin ruɗani har watan Fabrairun 2010. Amma wannan jimla ɗaya ta ranar rantsuwa ta tuna mini da hedimastanmu na firamare, wanda in an tara kuɗin iyayen yara yakan fito da allo ƙofar ofis ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙusa. Wata rana lissafin bai cika ba. Ya rubuta giɓin da jan alli, ya rubuta a ƙasa cewa kuskurensa ne, zai cika daga albashinsa. Babba juji ne, in ji Hausawa, amma ba kowane babba ke yarda a ga jujin ba.

"Gida daban, gwamnati daban"

Wani zai ce rabon nama a tsakar gida ba ya kama da tafiyar da jiha mai mutum miliyoyi. Gaskiya ne ta fuskar girma. Gwamna yana buƙatar ilimin da Iya ba ta da shi, kuma tsarkin hannu shi kaɗai ba ya gina madatsa.

Amma ɗauki dokar Iya ka ɗora a kan yadda muke tafiya, ka ga inda ta karye. Wanda ke raba kuɗin asibitoci, shi da iyalinsa a Masar ko Indiya ko Ingila suke ganin likita. Wanda ke raba kuɗin makarantu, ba ɗansa ko ɗaya a ajin da rufinsa ya yaye. Mai raba kuɗin wuta yana da janareta da sola, mai raba kuɗin ruwa ya haƙa burtsatse a gidansa. Masu tsara kasafi su ke fara yanka wa kansu alawus da motoci, sannan a dubi abin da ya rage. Mai kasawa shi ke fara ɗauka, kuma ba ya cin abin da ya kasa wa sauran. Ko a gidanmu aka yi haka, da kashi ɗaya ya tashi da cinya biyu, sauran biyar su tashi da ƙashi.

Shi ya sa na daina tambayar ko ɗan takara mutumin kirki ne. Kowa mutumin kirki ne a fasta, kuma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Tambayoyina yanzu ƙanana ne. A wane asibiti matarsa ta haihu? Wace makaranta 'ya'yansa suke? Akwai wanda ya taɓa gaya masa magana mai ɗaci a gaban mutane ya kwana lafiya a gidansa?

Bayan salla na sake tayar da maganar da ƙanina. Bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce ni dai na cika son wahalar da kai, kowa ya ba shi zai karɓa ya yi godiya. Na ce ya karɓa, ban hana shi ba, amma ya raka ni wurin mai unguwa mu rubuta takarda a kan rufin makaranta, mu nemi a gaya mana ko an taɓa ware kuɗin gyaransa, nawa ne, kuma wa aka ba aikin.

Ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, in na sa hannu, baɗi ba za su sa sunana a rabon ba."

Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu a takardar. Muna jiran amsa, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.